Wandon Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana ya rasu, wanda ya haifi Babanmu, a garinmu da ke gefen Gafasa cikin ƙasar Ajingi. An yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ni ne jikan nan nasa mai haya da babur a tashar Gaya, wanda in ya yi sallama a gida mata suke rufe tukwane. Ban iya rubutun ta'aziyya ba, a aji uku na sakandare na ajiye biro. Amma in ban faɗi abin da na sani ba wasu za su faɗe shi a karkace, don sun ma fara.

Tun da aka dawo daga maƙabarta ake zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ni kuma ina gefe ina miƙa wa baƙi ruwa ina sauraro. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da suka yi shekaru suna rigimar iyakar gona da Kaka. Shi ya fi kowa hawaye, kuma shi yake cewa tun ranar da aka sa wa Kaka wuƙa a asibiti ya san an gama da shi, da an bar maɗori ya yi aikinsa da yanzu yana nan yana hira da shanunsa. Mijin Gwaggo, wato surukin Kaka, ya ce da ba a kai shi asibitin ba da bai ga wayewar gari ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, a bar maganar. Kowa ya ce haka ne. Sai a karɓi gaisuwar sabon baƙo, a shafa fatiha, sai kuma a koma daga farko.

Abin da ya dame ni, duk wanda ya yi magana sai ya ɗan waiwayo ya dube ni. Wani ya dafa kafaɗata ya sa min albarka, ya ce ni ne sanadin da tsoho ya ƙara ganin damina. Wani kuma in na miƙa masa hannu da ƙyar yake ba ni yatsu. Duk a kan tabarma ɗaya. Ni kaina ban san wanne ne nawa ba.

A cikin gida kuma Gwaggo ta tare ni a bakin madafi, ta ce in shirya, ranar sadakar bakwai ni zan yi wasan jika. A garinmu in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ran bakwai ɗayansu yakan sa rigarsa da hularsa, ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a tsakar gida, mata su yi dariya cikin kuka, a raba gumba. Liman ba ya so, amma a ranar yakan yi kamar kunnensa bai kai cikin gida ba. Tun ina ƙarami kowa ya san wannan aikin nawa ne. Kaka da kansa yakan ce ba mutuwar yake tsoro ba, rigarsa yake tausaya wa da za ta hau jikina.

To matsalar ita ce, kusan shekara guda kafin ya rasu Kaka ya daina wasa da ni. Shi ne na rasa gane ko ya halatta ka yi wasa da mamacin da ya ƙi wasa da kai yana da rai. Na tambayi Gwaggo, ta ce in daina iyayi in je in ɗebo mata ruwa.

Sai kun san mutumin za ku gane maganata.

Kaka mai kunya ne, irin kunyar da yanzu ba a yayinta. Uwarsa Bafulatana ce, wai daga can ya ɗebo. Ranar kasuwar Gaya zai yini da yunwa da dai a gan shi yana tauna a bainar jama'a. In mijin Gwaggo ya yi sallama, nan take Kaka zai tuna yana da aiki a gona. Babanmu kuwa ɗan farinsa ne, don haka bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Yana da shanun noma biyu a turke kusa da zaure. In yana son gaya wa Baba abu, sai ya tsaya gabansu ya ɗaga murya ya ce su gaya wa mutumin nan katangar baya ta fara zubewa. Baba yana zaune a nan kusa, sai ya tashi ya je ya nemo ƙasa. Haka suka yi rayuwarsu, kuma ba su taɓa samun saɓanin saƙo ba.

Sannan tunda nake ban taɓa ganin Kaka ya nufi banɗaki ba. Sai dai ya ɗauki buta ya yi wajen gona kamar zai duba yabanya. Ina yaro na ɗauka tsofaffi ba sa fitsari.

Ni kaɗai ne ba ya jin kunyata, don tsakanin jika da kaka ba kunya, sai tsiya. Sunana a wurinsa Rabin-Boko. Ni kuma ina ce masa Kantoma, saboda Iya, kakata mace, matata ce, shi riƙon ƙwarya kawai yake yi min. In na dawo daga tasha na iske shi a zaure sai in ce,

"Kantoma, wa'adinka ya kusa cika, ka fara haɗa kayanka."

"Ka fara sayen sabulu tukuna, Rabin-Boko. Matar da ta saba da mai shanu ba ta zama da mai warin fetur."

Iya kuma daga ciki sai ta ce ita duk wanda ya riga kawo goro shi ne mijinta. Na yi shekaru ina roƙonsa ya hau babur ɗina ko zuwa masallaci ne, ya ce ba zai ba da ransa ajiya a hannun wanda aji uku ya kayar ba.

Ranar da na bar makarantar, Baba ya rantse ba zan ƙara cin abinci a gidansa ba. Kaka ba shi da bakin roƙon ɗan farinsa. Sai ya ɗauko tabarmarsa da akushinsa ya fito gindin darbejiya inda nake zaune, ya ce in matsa, na cika wuri kamar buhun ƙaiƙayi. A nan muke ci, a nan muke yini, har gari ya fara tambayar me ya fitar da tsoho daga gida. Sannan ya je ya gaya wa shanu cewa shi fa bayansa ya fara ciwo da zaman waje, su sanar da mutumin nan. Da la'asar Baba ya aiko a ce in shigo.

Shi kuma maƙwabcin nan mai hawaye, akwai ɗorawa a kan iyakarsu, duk shekara sai an yi cacar baki a kanta. Shekarar da san noman maƙwabcin ya mutu a farkon damina, Kaka ya kora namu shanun ya fara huɗe masa gonarsa kafin tamu, yana yi yana zaginsa. Da ya zo ƙarshe sai ya karkatar da kunya ɗaya ta shigo wajenmu da gangan, wai don kada su rasa abin faɗa.

A girbin bara abin ya faru. Ina tasha aka kira ni a waya aka ce in zo, amalanke ya danne Kaka. An loda damin dawa, taya ya faɗa rami a gangare, Kaka ya zagaya baya zai sa dutse, shanu suka ja da baya, amalanken ya matse shi a ƙugu da kututturen bishiya. Kafin in iso an kawo shi gida an kwantar a ɗakinsa da ke jikin zaure.

Fuskarsa ta yi kamar an shafa toka, gumi yana tsattsafo masa, hannunsa sanyi ƙalau. Duk wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. An kira maɗori. Ya durƙusa ya tambaye shi ina ne yake ciwo, ga Baba tsaye, ga mijin Gwaggo a bakin ƙofa. Kaka ya nuna cinya. Ba zai iya nuna mararsa a gaban ɗan fari da suruki ba, sai ya nuna wurin da ya fi kusa wanda ba na kunya ba. Maɗori ya ce to targaɗe ne ko karaya a sama, a kawo mai, a samo majiya ƙarfi su riƙe, zai ja ƙafar. Mata suka ɗora ruwan gashi, Iya ta hau dama kunu.

Sai Kaka ya ce zafi ya yi masa yawa, kowa ya fita, a bar masa Rabin-Boko ya yi masa fifita. Da suka fita ya ce in tura ƙofa.

"Fitsari ya cika ni tun safe, ya ƙi fita. Jini nake gani a gabana. Kwance zariyar nan ka zare wandon a hankali, ka rufa min zani. Ka kai shi bayan gona ka binne, kada Iyarka ta gani."

Na ce masa Kantoma ko dai tsufa ne ya kawo fitsarin kwance. Bai yi dariya ba. Da na zo rufa masa zanin hannuna ya taɓa mararsa, na ji ta kumbura ta yi tauri, ya damƙe min hannu har sai da na ji ƙashina.

"In wani ya ji, ba ni ba kai."

Na fito da wandon a ƙunshe cikin rigata, na tsaya tsakanin ɗakinsa da zaure, kaina ya ɗaure. Ni ba likita ba ne, amma a tasha mun taɓa ganin irin wannan. Wani abokin hayarmu mota ta buge shi a kwankwaso, ya ce ba komai tunda ba jini a jikinsa, har yana tsokanar direban. Aka kai shi gida. Kafin a yi shawarar asibiti ya cika, aka ce jinin a ciki ya zuba. Shi ma fuskarsa irin wannan tokar ta yi.

Na je kunnen Baba na ce ina da magana. Ya ture ni ya ce yau ma iskancin zan yi. Ban ga laifinsa ba, ni ne wanda na taɓa shigowa da gudu na ce an sace shanu don kawai in ga Kaka ya fito ba hula. Na ce wa maɗori ya ɗan dakata, ya ce in je in kama ƙafa in ina son taimako. Yana naɗe hannun riga, an kawo man, samari biyu sun miƙe.

Sai na zaro wandon na ɗaga shi sama, kamar mai gwanjo a kasuwa.

"Ku duba. Ba cinya ba ce. Jini ne yake fita ta gabansa, fitsari ya ƙi zuwa, cikinsa ya kumbura."

Zaure cike yake. Akwai Liman, akwai maƙwabta, akwai suruki. Kuma ɗakin Kaka ƙyaure ɗaya ne tsakaninsa da mu, ya ji komai.

Baba ya sunkuyar da kai. Mijin Gwaggo ya tashi ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba, na ce shi ke nan na kore shi daga dangi. Ashe motar a-kori-kura ya je nema. Maɗori ya goge man da ke hannunsa, ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, abin da yake cikin ciki ba nasa ba ne, kada a ja ƙafar, kada a gasa, kunun ma a mayar. Baba ya karɓi wandon daga hannuna bai dube ni ba, ya naɗe ya miƙa cikin gida. Aka cire ƙyauren ɗakin Iya aka kwantar da Kaka a kai, a haka aka ɗora shi a mota.

A asibiti a Gaya suka karɓi zanin Iya suka ɗaure masa ƙugu tamau kamar damin kara, wai don ƙashin ya daina buɗewa jinin ya ragu. Suka sa masa ƙarin ruwa. Na ce tunda fitsari ne ya ƙi fita me zai hana a sa masa robar nan. Likitan ya ce in an ga jini a wurin ba a tura roba da ka, in hanyar ta yage za a ƙarasa ta ne. Ya tambayi Kaka ina da ina yake ji, Kaka ya ce da sauƙi. Ni na riƙa amsawa. Daga nan suka ce sai babban asibiti a Kano, aikin ya fi kayan da suke da su. Duk hanyar nan ina riƙe da ledar ruwa a sama, mota tana faɗawa ramuka, Kaka idonsa a rufe, ko nishi bai yi ba.

A Kano aka yi hoton ƙashi, aka yi sikanin. Likitan ya yi mana bayani rabi Hausa rabi Turanci, ni kuma da rabin bokona na haɗa na gane rabi. Ya ce ƙashin ƙugu kamar ƙwarya yake, a cikinsa mafitsara take zaune da hanyar fitsari da ƙarshen hanji da manyan jijiyoyin jini. In ƙwaryar ta fashe, bakinta yana yanka abin da ke ciki. Ta Kaka ta fashe gaba da baya, mafitsara ta tsage, fitsari yana zuba cikin ciki, hanyar ma ta ji rauni, ga jini ya taru. Ya ce ƙashin da muka taru a kansa a gida shi ne zai jira, jini za a fara tarewa, sannan ɗinki.

Aka ce a kawo jini. Baba ya bayar, na bayar, mijin Gwaggo ya bayar. Har Kaka ya koma ga Allah ba wanda ya gaya masa jinin surukinsa yana yawo a jikinsa. Da ya sani ina jin da ya nemi a zuƙe a mayar masa da kayansa.

Aka shiga da shi tiyata. Suka ɗinke mafitsarar, suka duba hanji suka ce Allah ya tsare bai huje ba. Suka huda ƙasan cibiya suka sa roba ta fito zuwa wata leda, ta nan fitsari zai riƙa fita har hanyar ta huta a gyara ta daga baya. Ƙugun kuma suka kafa masa ƙarafa ta waje, in ka gani kamar kariyar babur.

Da ya farfaɗo ina gefen gado. Daɗi ya cika ni, na ce Kantoma ashe dai ka ƙi sauka daga mulki. Ya juyo ya dube ni sosai.

"Sannu Malam. An gode da ɗawainiya."

Na ɗauka allurar barci ce ba ta sake shi ba. Ashe ta sake shi sarai.

Daga ranar sunana Malam. Muka dawo gida, aka cire ƙarafa, ya fara takawa da sanda, sunana Malam. Mutumin da ba a taɓa ganin ya nufi banɗaki ba, ga shi yana yawo da fitsarinsa a leda. Iya ta ɗinka masa 'yar jaka da ragowar atamfa yana ratayawa a ƙarƙashin riga. Nas ta koya min yadda ake yi, a wanke hannu, a goge gefen robar, kada ledar ta fi mararsa tsayi, a ba shi ruwa da yawa, a riƙa duba kalar fitsarin, in zazzaɓi ya zo kada a tsaya jiƙo a kawo shi. Ni kaɗai ya yarda in taɓa, tunda na riga na gani. Na kwaso kayana daga Gaya na dawo gida, kullum da safe sai na gama da shi nake fita haya. In na zubar na wanke na dawo sai ya ce an gode Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min.

Ba irin tsiyar da ban gwada ba. Na sace hularsa na sa na zauna gabansa, ya ce ta yi min kyau Malam, in riƙe. Na shiga ɗakin Iya na fito na sanar an sa ranar aurenmu, ya ce Allah ya sanya alheri. Ina ji yana tsokanar ƙananan jikoki, yana ce wa wannan mai kan tulu, wancan mai cikin kwaɗo, in na shigo sai ya gyara zama kamar baƙo ya zo. In lokacin canza roba ya yi, a bayan babur ɗina nake kai shi Gaya a hankali. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan. Ya hau, amma ko sau ɗaya bai ce zan kashe shi ba. Ban ji daɗin hawan ba ko kaɗan.

Wata safiya na gaji. Ina durƙushe ina goge masa gefen robar na ce,

"Kaka, da na binne wandon nan ai da kai ma mun binne ka."

"Da kun binne ni a rufe."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ƙarasa goge gefen robar na sauke masa riga. Ni da ba a kayar da ni a magana a tasha, har yau ina neman amsar wannan.

Don in na ce na cuce shi, ai a shekarar nan ya ga damina ta sauka ta ɗauke. 'Yar Gwaggo ta haihu, shi ya yi wa jaririn huɗuba. Ya koma rigimar ɗorawa da maƙwabci daga kan tabarma, har yana buga sanda a ƙasa. Da farko ya daina zuwa masallaci saboda yana ganin ba shi da tsarki. Liman ya gane, ya zo ya zauna yana ba da labarin wai wani mutum a wani gari mai irin wannan lalura, da yadda malamai suka ce ya yi alwalarsa ya yi sallarsa ba komai. Kaka ya ce Allah ya ba mutumin lafiya. Ran Juma'a sai ga shi a sahu, can ƙarshe kusa da ƙofa.

In kuma na ce na kyauta masa, ai na ga yadda yake dafe gefen rigarsa in mutum ya matso. Na ga ya daina tsayawa gaban shanu ya ba da saƙo, don tsayuwar tana nuna jakar. Da lokacin aiki na biyu ya yi, wanda za a gyara hanyar a cire robar, ya ƙi. Ya ce wa Iya waɗanda suka gan shi sun isa.

Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, muna kai shi ana ba da magani. Na ƙarshen ya zo bayan an gama girbin bana. Na ga fitsarin ya yi kauri ya canza wari, jikinsa ya yi zafi, na tambaye shi ya ce da sauƙi. Wannan karon Iya kaɗai na gaya wa, a hankali, a bayan ɗaki. Muka kai shi a ranar. Likita ya ce ciwon ya haura ƙoda ya shiga jini, ga shekaru. Sun yi iya yinsu. Ranar ƙarshe da hantsi ina gyara masa matashi ya buɗe ido, na matso da kunnena ina jiran ko zai ce wani abu. Ya ce an gode Malam. Kafin azahar ya cika.

Shi ya sa da Gwaggo ta ce ni zan sa rigarsa na ji kamar an ce in shiga ɗakin da aka kore ni.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Da sassafe na tura babur a kashe zan sulale tasha, sai aka ce Iya tana kira. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, ga babbar rigar Kaka da hularsa a kan gado an ajiye don wasa. Na fara ba ta haƙuri, na ce a ba wani jikan. Ba ta saurare ni ba. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashi ta ce riga da hula aro ne zan dawo da su, wannan kuma nawa ne.

Na kwance. Wandon ne. An wanke shi, tabon ya dushe amma yana nan, an zura masa sabuwar zariya.

"Ya ce in ya mutu a ba Rabin-Boko. Ya ce duk garin nan ba wanda ya kai ka son wandon nan, har talla ka kai shi zaure. To ga shi, ka sa ka huta."

Na tambaye ta da bakinsa ya ce Rabin-Boko. Ta ce to ita ta san wani mai wannan sunan ne ban da ni? Na ce yaushe ya faɗa, ta ce tun da damina, ranar ma shi ya sa ta nemo zariyar. Wato wata da watanni tsohon nan yana riƙe da wannan tsiyar a ciki, yana kallona ina zubar masa da leda yana ce min Malam. Na ce to Iya wannan yafiya ce ko ramuwa. Ta ce ita wando aka ba ta, ba a ba ta bayani ba, in tashi mata sun taru.

Na sa. Kaka gajere ne, wandon iyakarsa ƙwaurina. Na ɗora rigar, na kafa hular a goshi yadda yake yi, na fito tsakar gida ina ɗan jan ƙafa, hannu ɗaya a baya. Gwaggo ta ce min Baba yaya jiki, kamar da mahaifinta take magana, na ce da sauƙi. Mata suka fashe da dariya, wasu suka ja mayafi suka rufe fuska. Na ɗauki buta na yi kamar zan duba yabanya. Na zagi ɗorawa. Sannan ƙafata ta kai ni turke, ban shirya ba. Baba yana zaune a bakin zaure, ya ga wandon, ya gane shi, ya kau da kai.

Na tsaya gaban shanun. Su ma tsayawa suka yi da tuƙa suna kallon rigar. Na ɗaga murya yadda yake yi na ce su gaya wa Kantoma saƙo ya iso. Su ce masa wandon ya yi min kaɗan, amma zan sa.

Allah ya jiƙanka Kantoma. Ya rufa maka asiri a can fiye da yadda na rufa maka a nan.